Ogan da Babu Shi Ake Son Gani Ranar Alhamis

Anti, don Allah ki taimake ni, bakina ya jawo mini. Kwana huɗu ke nan na kasa zama wuri ɗaya, daga tebur sai taga, daga taga sai tebur.

Shekarata shida ina dillancin shaguna da ɗakunan ajiyar kaya. Ni kaɗai ce, sai jakata cike da makullai da tef ɗin awo. Wata biyu da suka wuce wani mai gini ya damƙa mini sabon bene mai shago goma sha takwas, na kafa allo da lambata. Da masu kira sun ji muryar mace sai su ce in ba dillalin. In na ce ni ce dillaliyar, sai dariya. Wani har ya tambaye ni ko zannuwa nake yawo da su gida-gida. Ranar sai da na yi kuka a ƙarƙashin matakala.

Haushi ya sa da wani ya sake kira na ce oga ya fita, ni sakatariyarsa ce. Kamar wasa, shago goma sha ɗaya suka shige. Ni da na san babu wani oga, har na fara jin kishinsa.

Yanzu wani mai kantin magani yana son duk shagunan ƙasa da suka rage. Sau uku muna zagayawa. Na nuna masa inda motar kaya za ta juya, na gargaɗe shi kada ya ajiye magani a ɗakin kusurwa don bangon yana tsattsafo, duk na ce oga ne ya faɗa. Shi kuwa sai yabon oga yake, wai ya san aiki, ga amana. Ya ce ba zai sa hannu ba sai sun gaisa ranar Alhamis.

Yayana malamin makaranta ya yarda ya sa tabarau ya zauna a kujerata a matsayin oga, amma ko tef bai iya riƙewa ba. In sa shi, ko in faɗi gaskiya mutumin ya tafi, labari ya kai wa mai gini? Na rasa ta yi.

Mai Makullai

Ƙanwata Mai Makullai,

Dariyar da aka yi miki ta yi ciwo, ban kuma ga laifinki ba da kika nemi mafita. Amma mai kantin nan ma yana da haƙƙi: zai zuba jarinsa a gini, dole ya san da wa yake hulɗa. Ki bar yayanki a aji. Tambaya biyu za a yi masa a kan bangon nan asiri ya tonu, daga nan ƙaramar ƙarya ta zama yaudara.

Ki fara zuwa wurin mai gini yau, ya ji daga bakinki. Ranar Alhamis ki zauna a kujerarki, ki faɗa wa mai kantin abin da ya faru da dalilinsa, ki ba shi haƙuri sau ɗaya, kada ki yi ta rantse-rantse. Yana iya tafiya, ba zan ɓoye miki ba. Sauran masu hayar ma ki sanar da su.

Amma ki tuna abin da ya yaba. Wanda ya san inda mota za ta juya, wanda bai ɓoye masa aibin ɗakin kusurwa ba, ai ke ce. Sau uku ya riga ya gana da ogan, gabatarwa kawai ta rage.

Allah ya ba ki sa'a, ya sa albarka a makullanki.