Ɗaurin Jitar Ngamata

Tokoroa,
9 ga Mayu, 1999

Ɗiyata Moeroa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya Perth, yaya maigidan naki da 'yan matana biyu? Ina fata ɗalibanki ba su ƙarasa miki kunne da sarewarsu ba. Mu nan sanyi ya fara shigowa, warin masana'antar takarda kuma yana nan inda kika bar shi.

Na san fasto ya kira ki ya ce mahaifiyarki ta faɗi. Shi mutum ne mai sassauta magana, ni kuwa kin san ni. Yaya Ngamata, mahaifiyar taki, ta sha jiki. Ɓarin damanta ya shanye, magana ta tafi. An sallamo ta daga asibiti ranar Talata, tana ɗakin baya a wurina. Abin da ya rage mata hannun hagu ne, da idanun nan masu sa mutum ya tuba daga laifin da bai yi ba.

Shekaranjiya wasu samari uku masu dogon gashi suka zo tun daga Dunedin, riƙe da tsohon faifan waƙarmu an naɗe shi cikin tawul kamar jariri. Na ce, “Ku zauna ku ci gwaza tukuna, duk kun bushe kamar tsintsiya.” Babbansu ya ce, “Mama, kin san rabin masu kiɗan rok na ƙasar nan daga faifan nan suka koyi hannu?” Na ce, “Ka ji min yaro. To ina suka shige shekara talatin, ko katin Kirsimeti babu?” Ɗaurin jitar suka zo tambaya, wato yadda Yaya ke saita muryar tsirkiyoyinta. Yaya ta dube su, ta juya fuska bango.

Ke ba ki taɓa tsayawa an ba ki labarin daga tushe ba, yau sai ki yi haƙuri ki karanta. Kakanki Papa Rouru ya zo da ɗaurin nan daga tsibirin Mangaia. Yadda ake ɗaure tsirkiyoyin nan shida na gidanmu ne, mutum ɗaya ake ba wa a kowane zamani, ba a rubuta shi, ba a faɗar shi. In zai ɗaura sai ya ba mutane baya, in ya gama kiɗa ya sassauta su duka. Yaya Ngamata ya ba wa. Ita ta ɗora shi kan jitar lantarki lokacin da mu 'yan mata huɗu muka kafa ƙungiyar kiɗa ta Tsuntsayen Teku. Ni ce mai ganga, ni ce kuma mai sassautawa. Da an kai ƙarshen waƙa, tun ana tafi, na karɓi jitar na murɗe kunnuwanta shida masu jan tsirkiya na rufe akwati. Shekara talatin da huɗu ina wannan aikin.

Faifai ɗaya tak muka yi, waƙa biyu. Sai ga Kelvin Prowse, Baturen nan mai ladabin kare, kullum yana roƙon ya ɗaukar mana lasifika. Wata rana ana hutun shan shayi ya taɓa tsirkiya uku, ya haddace muryarsu ya tafi da ita London, sauran ukun ya cika da ka. Abin da duniya ke yaba masa har yau kuskure ne. Ranar da Yaya ta ji shi a rediyo ta ce, “Ji ɓarawon banza, ko satar ma bai iya ba.” Muka yi ta dariya. Daga baya na same ta a bayan gida tana kuka.

Saboda haka ranar bikin ɗan uwanki Teina, da kika kai hannu kan jitar tana ɗaure Yaya ta doke ki a gaban jama'a, ba ke ta doka ba. Kelvin ta doka, hannunki ne ya shiga tsakani. Ban ce ta kyauta ba. Shekara goma sha shida kuna gaisawa kamar maƙwabta, ya isa haka.

Moeroa, ɗaurin nan yana cikin kan mace ɗaya, macen kuma ba ta magana. Ki zo.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Innarki,
Mama Tutai

Tokoroa,
20 ga Yuni, 1999

Ɗiyata Moeroa,

Bayan gaisuwa, ina fata murar da kika ce ta kama ƙaramar ta sake ta. Ki dafa mata lemun tsami da zuma, ki rabu da ƙwayoyin nan.

Wasiƙarki ta iso, layi biyar, na ƙirga. Kin ce sai an rufe makaranta a Yuli, kin kuma ce ba don jita za ki zo ba. To na ji. Na karanta wa Yaya, amma na tsallake layin jitar, Allah ya yafe min.

Ga abin da ya faru. Kwana da kwanaki tana kallon saman kabad. Na miƙo Littafi Mai Tsarki, ta harare ni. Na miƙo hoton Papa, ta rufe ido. Da na sauko da akwatin jitar sai ta yi wani gurnani, ta kama wuyan hannuna. Ban fara komai ba sai da ta sa na juya kujerarta muka fuskanci bango, alhali daga mu sai kyanwa a gidan. Na ce, “Yaya, kyanwar ce za ta kai wa Kelvin?” Rabin bakinta ya yi murmushi.

Ina kaɗa tsirkiya ina murɗa kunnen a hankali, ita tana riƙe da ni. In na wuce ta ja, in ban kai ba ta tura, in na iso ta matse. Kin san kunnena ya mutu a gindin ganga tuntuni, ban san sunan murya ko ɗaya ba, ni dai hannu ce kawai. Tana gajiya da wuri. Kwana tara muka yi kafin shidan su cika.

Da na ja yatsa a kansu gaba ɗaya, Moeroa, ban ji da kunne sosai ba, a ƙirji na ji. Na ga zauren rawa na garin Mangakino, na ga Yaya da jar rigarta ta ba jama'a baya tana ɗauri, samari suna leƙe ta ƙarƙashin hammatarta. Na yi kuka har ta gaji da ni ta mintsine ni.

Na so in yi dabara. Na kira matar fasto, tunda ta iya rubuta kiɗa, ta zo da biro da takarda. Yaya ta sa hannu ta share kofin shayi daga tebur, ya tarwatse. Matar fasto ta ce, “Mama Ngamata, ai sai ki ce in tafi kawai.” Ta tafi.

Da yamma na kai hannu zan sassauta kamar kullum, ta riƙe ni gam. Na ce, “A bar ta a ɗaure?” Ta matse. Na ce, “Na Moeroa ne?” Ta matse sau biyu, hawaye na bin gefen da ya shanye. Tun daga Papa har yau jitar gidanmu ba ta taɓa kwana a ɗaure ba sai yanzu. Kowace safiya muna dubawa, don sanyi yana motsa tsirkiya, ta gyara abin da ya goce.

Ba ta iya ce miki ki yi haƙuri ba. Wannan ne ban haƙurinta. Jitar tana jingine a gindin gadonta tana jiran kunnenki.

Na fara tara ganyen gwaza a firji saboda ke.

Innarki mai ƙaunarki,
Mama Tutai

Tokoroa,
1 ga Yuli, 1999

Ɗiyata,

Sannu da hanya, sannu da rashi. Allah ya ba mu haƙuri. Wannan ba ta gidan waya za ta bi ba, fasto zai miƙa miki a filin jirgi. Ki karanta a mota, don ba zan iya faɗa miki ina kallon idonki ba.

Yaya ta tafi ranar Talata da hantsi, bayan mun duba tsirkiyoyin. Ta matse ni a kan ta shida, ta saki, shi ke nan. Ba ta wahala ba.

Kafin tsakar rana gida ya cika. Matan coci suka lulluɓe ta da tivaevae, bargon nan mai furanni da ta yi shekara biyu tana ɗinkawa, suka shiga waƙa irin ta tsibiri. Ɗakin ya cika da mutane, har da waɗanda ban sani ba, kowa na giftawa ta gefen jitar. Aka kai ƙarshen waƙa.

Moeroa, ban yi tunani ba. Na rantse ban yi ba. Waƙa ta ƙare, ga baƙi, ga jitar Yaya a ɗaure a fili. Na tsinci kaina durƙushe da ita a cinya, hannuna yana aikinsa. Sai da na murɗe kunne na biyar na farka. Na ƙwala ihu har mata suka ɗauka yanzu mutuwar ta shige ni, suna ta cewa, “Haƙuri, Mama, ta huta.” Ba wanda ya san abin da na yi sai ke yanzu.

Kelvin ya yi mata satar uku. Ni da na tsare mata su tsawon rayuwata, biyar na zubar. Ta tafi tana ganin ta bar miki shida, wannan ne ke hana ni cin abinci.

Ban gwada mayarwa ba, ba ni da kunnen. Ɗaya ta rage, mai kaurin nan ta sama, yadda hannunta ya bar ta. Na ɗaura jan zare a kunnenta don kada in sake. Na sa jitar a akwati, na naɗe da bargo biyu, na ajiye faifan a kai. Kina ƙarama kina kwana a gindin lasifika kina jin shidan, ban sani ba ko wani abu ya zauna a kunnenki da zai sa ki maido da biyar ɗin daga wannan ɗayar. Ban ce zai yiwu ba.

In kin iso, ki zage ni yadda kike so, na cancanta. Amma kada ki tsaya gaisawa da mutanen falo. Ki wuce ɗakin baya, ki juya bango, ki kaɗa tsirkiyar nan mai jan zare kafin sanyi ya motsa ta.

Innarki mai laifi,
Tutai