Wanda zai kife kofina

Ni, Josiah Penrose, mai mashayar Alfadari a garin Tolland, na rubuta wannan da hannuna ranar uku ga Nuwamba, 1951. Jiki ya gaji, amma hankalina garau yake. Zuwa gare ku 'ya'yana, Wendell da Lorna.

Na ɗaya. Kada ku sayar da kantar mashayar, wadda ake miƙa wa mutane abin sha a kanta. Da alfadarai takwas kakanku ya hawo da ita shekarar da aka ga azurfa a dutsen nan, lokacin mashayar tanti ce kawai. Mai otal ɗin nan ya sake zuwa neman sayenta, wai zai kankare ta ta koma sabuwa. Na ce masa gurbin gwiwar hannun mutane yake son kankarewa.

Na biyu. Agogona na Wendell ne. Murhu da babban madubin na Lorna, don ita ta saba goge shi.

Na uku. Kofunan da ke jere a katakon bango. Kun san kowane mai haƙar azurfa yana da nasa, kuma in ya mutu abokin aikinsa ke kife shi. Kafin gidan ya dawo hannuna, da ƙanena Silas nake shiga rami. Shekarar da ramin ya rufta da shi, na yi gaggawa na kife nasa. Rana ta huɗu aka fito da shi da rai. Ya shigo yana ɗingishi, ya dubi kofin, ya tambaye ni ko takalmansa ma na rabar. Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba. Ina jiran ya huce, yana jiran in taka in je. Shekara ashirin da shida ba ma magana, alhali titi kawai ya raba ƙofofinmu. Na mayar da kofin daidai, bai ƙara taɓa shi ba. Da ya mutu, ni na sake kife shi.

Na huɗu. Ku ma shekara bakwai ke nan ba ku magana da juna saboda rigimar sayar da ginin nan. Wendell, kai ne babba, kai za ka fara zuwa. Lorna, in yayanki ya zo, kada ki ce sai ya amsa laifi.

Kofuna arba'in da ɗaya ne, duk a kife sai nawa. An rufe ramin, abokan aikina sun ƙare. Ku biyu za ku kife shi, tare, rana ɗaya. In ɗayanku bai zo ba, a bar shi a buɗe yana jira.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Na gaji, bari in kwanta.