Tsaba Ɗaya a Injin Kawu Tukiran

Lelydorp, Lahadi da hantsi

Zuwa ga Yaya Warsini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Sukardi da yara, ya kuma sawwaƙe muku sanyin Rotterdam da kike ta kuka da shi alhali kullum ƙiba kike ƙarawa a hoto. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma sayar da miyar kazar nan ta saoto a rumfarta, sai dai har yanzu hannunta ba ya rawa sai an zo wajen zuba mini nama.

To Yaya, ki nemi wuri ki zauna. Inna ta ce ta gaya miki ciwon mantuwar da ya kama Kaka ya fara taɓa Kawu Tukiran, har kin fara neman tikitin zuwa. Kada ki saya. Kan Kawu ƙalau yake. Ni ne ciwon.

Kin san aikin da muke yi wa Baba Ramdin a gidan cacan otal ɗin nan na bakin kogi, wanda Inna ba ta son a ambata a gabanta. Injinan karta shida ne a jere, duk suna zuba wa tukunya ɗaya, kuɗinta yana ta hawa a allon da ke sama. Ba ma taɓa su sai lambar ta wuce inda Kawu ya lissafa cewa riba ta juyo wajen mai wasa. Daga nan sai mu kame kujerun, Baba Ramdin ya ba da jari, mu yi ta dannawa har wani ya haɗa gidan sarauta, wato goma da bawa da sarauniya da sarki da as, duk iri ɗaya. Kawu ya ce wannan lissafi ne ba caca ba. Ni dai na san abin da Malam zai ce. Kawu ya ɗauke ni aikin ne don na haddace takardar dokokinsa cikin kwana biyu, kamar yadda muke yi da allo. Dokar farko kuwa ita ce tsaba biyar, wato kwabo biyar na injin, a kowane zubi. Wanda ya zuba ƙasa da haka, ko gidan sarauta ya zo masa, tukunya ba ta buɗewa.

Ranar Alhamis ta makon jiya, kwananmu uku ke nan a kai. Kujeru biyar namu, ta shida wani mai haƙar zinariya ɗan Brazil ya manne mata ya ƙi tashi. Wajen sha ɗaya na safe Kawu ya tashi kewayawa, ya kira ni da sunan da ya laƙaba mini, ya ce Biri, tsare mini injin, kada ko ƙuda ya sauka. Kin san shi da cika bakin cewa ba abin da ke wuce idonsa, kuma gaskiya ne, ko gishirin da na zuba masa a kofi tun kafin ya kai baki ya gane. Sai na miƙa yatsa na mayar da zubinsa tsaba ɗaya, da niyyar in ga ko zai kama ni, ya ja kunnena, mu yi dariya.

Ya dawo yana murza ido, ya zauna ya danna. Zubin farko ba komai, ina danne dariya. Na biyu ma ba komai. Na buɗe baki zan faɗa, ashe har ya danna na uku. Yaya, goma, bawa, sarauniya, as, duk masu hoton zuciya, saura sarki kaɗai. In an raba karta kuwa ba a ƙara zubi. Ya riƙe huɗun don a canza masa ta biyar, ya taɓa gwiwata a hankali ya ce in leƙo. Ban taɓa roƙon Allah ya kawar da sa'a ba sai ranar. Ya danna, sarki ya fito.

Injin ya yi ɗan kiɗansa ya yi shiru. Fitila ba ta kunnu ba, lambar sama ta ci gaba da hawa. Baba Ramdin ya zo da gudu, ya dubi kusurwar allon inda zubin ya nuna tsaba ɗaya, sannan ya dubi Kawu, ya ce a gaban kowa wai tsoho, in ido ya mutu ai sai ka faɗa a saya maka sanda. Kawu ya ce shi dai ya san biyar ya bari. Ya maimaita har sau uku, kowane karo muryarsa tana ƙara yin ƙasa. Ni kuwa na mayar da idona kan nawa injin. Washegari ɗan Brazil ya kwashe tukunyar, Baba Ramdin ya ce Kawu ya je gida ya huta.

Kwana tara na yi ina kallonsa. Ya ba ni mabuɗin babur ɗinsa wai kada ya manta hanya. Ya rubuta suna a jikin gwangwanin sukari da na gishiri. Kowace safiya sai ya sa ni in yi masa tambayoyi daga takardar da shi ya rubuta da hannunsa, in ya ɗan yi jinkiri sai gumi ya keto masa. Ya karɓi ranar ganin likita, gobe Litinin. Jiya da la'asar ya kira ni baranda, ya ce in likita ya tabbatar, kada in bari a kulle shi a ɗakin baya kamar yadda aka yi wa Kaka, don duk gidan nan da ni kaɗai ya yarda. A nan ne na faɗa masa abin da na yi.

Ya sa na maimaita. Ya tambaye ni, wato shi bai taɓa maɓallin ba ko sau ɗaya? Na ce bai taɓa ba. Ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa, wallahi ban san kuka ne ko dariya ba. Can ya miƙe, ya sa hannu a aljihuna ya zare mabuɗinsa, ya hau babur ya fita. Bayan awa guda ya dawo, ya shiga kicin ya ɓalle takardun gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya. Abin da kawai ya ce mini shi ne, ranar Litinin maimakon likita wajen Baba Ramdin za mu, in faɗa da bakina a gaban duk mutanen da suka ji maganar sanda. Zan je, ko da kujerata ce za ta tafi. Amma bai ja kunnena ba, Yaya, kuma tun jiya da sunana Paijo yake kirana, ba Biri ba.

Don Allah ki buga masa waya. Kada ki roƙa mini komai, ki dai tambaye shi labarin zamanin da, ki bar shi ya zuba miki sunaye da shekaru har katin wayarki ya ƙare. Inna kuma ni zan gaya mata da kaina, bayan ta ajiye ludayi.

Ki gaida Sukardi, da Yanti sarkin surutu, da ɗan auta Delano. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninki,
Paijo, wanda har jiya da la'asar ake kira Biri