Tubalin Isufu

Daren Laraba, watan Agusta

Ruwan jiya ya turo rairayin tudu, ya kayar da ƴar katangar da muka yi bayan gida don tare shi, ta danne tunkiyata har lahira. Tun farko na ce dutse da siminti. Ƙanena Isufu ya kafe sai tubali, ya kuma buga shi da rairayi, laka kaɗan.

Da safe yana kallon mushen ya ce, "Yaya, ƙaddara ce." Ban san sadda na sunkuci tubali na kwaɗa mishi a goshi ba. Tubalin ya marmashe, jini ya zubo, Inna na kururuwa.

Gobe zan ɗauko dutse da amalanke. Amma da a ce da dutsen muka yi ginin, da yau na kashe ɗan'uwana.