Sunan Babana a Allo, Kawar Maƙwabci a Faranti

Gwaggo Lorna,

Don Allah ki agaza mini, na haƙa rami da hannuna, ga shi saura mako biyu in rufta ciki. Na canza sunayen mutane, kuma ba zan faɗi sunan koginmu ba, don kin san halin tsibirin nan namu na Prince Edward: ka yi atishawa a Tignish, kafin ka goge hanci an aiko maka da sannu daga Souris.

Ina da ɗan gidan cin kawa, wato halittar ruwan nan mai ɓawo biyu, a bakin ruwa, shekara huɗu ke nan. Ba wani babba ba ne. Kanta ɗaya, kujeru goma sha huɗu, tiren ƙanƙara, sai mijina Wendell a tsaye da wuƙa yana ɓare kawa yana cika baƙi da surutu. Ɗanya muke bayarwa a cikin ɓawonta da yankin lemun tsami, wanda kuma ba ya iya haɗiyar ɗanya, akwai romonta mai madara da dankali. A bango akwai baƙin allo da na rubuta wa KAWAR ALYRE tun ranar da muka buɗe. Alyre babana ne.

Baba shekararsa saba'in da huɗu, kuma tun yana ɗan sha biyar yake tsayuwa a kwale-kwale yana ɗebo kawa daga ƙasan kogi da dogayen manjagaran nan biyu masu haɗewa kamar almakashi. Daɗi kam, kawarsa ba ta da na biyu, ga gishiri ga garɗi. Amma muni, Gwaggo! Dogaye ne, karkatattu, wasu sun manne da juna uku-uku, laka ta cika kowane lungu. Sau biyu wuƙa tana zamewa a kansu ta yanki Wendell har sai da aka yi masa ɗinki. Su kuwa baƙin lokacin zafi, kafin su ci sai sun ɗauki hoton faranti, kuma kewayayyiya suke so.

A shekararmu ta biyu, wata Laraba, motar masu yawon buɗe ido ta sauke mana mutum talatin ba zato, kawar Baba kuma ta ƙare tas. Na rasa inda zan sa kaina, sai na ruga wurin Murdoch. Shi Murdoch maƙwabcin Baba ne, tun suna firamare suke tsokanar juna, har yau ba su gaji ba. Shi a keji yake kiwon tasa, irin kejin nan masu yawo a saman ruwa, sai ta fito kewayayyiya, tsaf-tsaf, kowace kamar 'yar'uwarta. Baba ba ya kiranta kawa ma, kajin keji yake cewa. Murdoch kuma ya ce ta Baba ragowar abin da Nuhu ya zubar ne daga jirgi.

Wallahi na rana ɗaya na yi niyya. To amma baƙi suka cinye har suna kurɓe ruwan ɓawon, Wendell ya ɓare dozin-dozin babu ko ƙwarzane, har yana fito. Washegari na koma. Jibi ma na koma. Kafin in farga shekara biyu ta wuce a haka: Litinin zuwa Asabar kawar Murdoch ce a kan ƙanƙara, ta Baba tana cikin tukunyar romo. Ranar Lahadi, da yake Baba yana zuwa bayan an tashi daga coci ya zauna a kujerar kusurwa ya sha shayi, sai in shimfiɗa tasa a gaba. Allah ya rufa mini asiri, ko sau ɗaya bai taɓa leƙowa a tsakiyar mako ba, duk da cewa ta ƙofarmu yake wucewa in zai je gidan waya. Allon kuwa ban goge ba. Kullum sai in ce gobe.

Shi kuwa Murdoch daɗin abin yake ji. Da sassafe zai ƙwanƙwasa ƙofar baya da kwanduna, ya rage murya kamar ɗan fasa-ƙwauri, ya ce, "'Yata, ga kajin Alyre sun iso."

Sai watan jiya wata mujalla ta Halifax ta fitar da jerin gidajen cin kawa goma da suka fi kowanne a yankin nan, mu ne na biyu. Ashe matar da ta rubuta ta zo ta ci ba mu sani ba, kuma ranar Laraba ta zo. Ta rubuta cewa kawar Alyre kewayayyiya ce, mai zurfin ɓawo, kamar da hannu aka ƙera ta. Da na karanta, murna ta shiga ta wannan kunne, tsoro ya shiga ta wancan.

Baba ya yanke shafin ya sa a gilashi. Ya karanta wa mai aski, ya karanta wa fada a ƙofar coci, ya karanta wa likitan da ke duba masa gwiwa. Da aka zo wurin "kewayayyiya" sai ya ce idon matar nan na neman tabarau, amma harshenta lafiyarsa ƙalau. Sannan ya maƙale gilashin a hammata har mashigin ruwan Murdoch, ni ina biye kamar wadda za a kai kotu, ya karanta masa sau biyu, ya ce, "To, mai kaji, naka sunan a wane shafi yake?" Murdoch ya yi dariya har ya riƙe igiya don kada ya faɗa ruwa, ya cire hula ya ce, "Na sara maka, tsoho, wannan kawa ko ni ba zan iya kiwon wadda ta fi ta ba." Ni dai ƙasa ce ba ta tsage ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Matar ta bugo waya, za ta dawo nan da mako biyu da mai ɗaukar hoto, su wuni a kwale-kwalen Baba su ga yadda yake ciro kawar, sannan su zo su ci. Baba ya yi wa kwale-kwalen sabon fenti, ya sayi sabuwar hula, har ya ce in rage masa gashin gira. Tun rasuwar Mama shekara uku da suka wuce ban ga yana waƙa a bakin aiki ba sai yanzu. Da wane baki zan ce masa yabon nan ba nasa ba ne, na mutumin da ya fi shekara sittin yana yi wa dariya ne?

Wendell ya ce mu yi shiru, mu tsince masu ɗan kyan gani daga cikin na Baba, 'yan birni ba sa tuna abin da suka ci shekaranjiya. Murdoch kuwa cewa ya yi zai je da asuba ya juye kwando biyu na tasa a inda Baba ke kamu, in ya so Baba ya ciro su a gaban mai hoto ya ɗauka mu'ujiza ce. Kunya nake ji in faɗa miki, amma har na fara tunanin yarda.

Ba mugunta ce ta sa ni ba. Ina son babana, ina son shagona, kuma hannun mijina ma ina sonsa da yatsunsa biyar cif. In faɗa masa? In bari sai baƙin sun tafi? Ko in bar kaza cikin gashinta?

Taki,
Wadda Romonta Ya Fi Allonta Gaskiya

*

'Yata,

Sai da na ajiye kofin shayina na yi dariya ta ishe ni kafin na ɗauki biro, musamman a kan mu'ujizar Murdoch. Ki gaishe shi, ki kuma ce masa na ce ya bar kwandunansa inda suke. Mutumin da ya kusa shekara sittin yana taɓa ƙasan kogi ɗaya ya san kowane dutse da ke ciki. Ba za a yaudare shi ba, wulaƙanta shi kawai za a yi a gaban baƙi.

Bari in fara da abin da ba laifinki ba. Sayar da kawar keji ba zunubi ba ne, kuma ba cin amanar uba ba ne. Kin ga baƙi a ƙofa, kin nemo abin ba su, kin kuma tausaya wa hannun mijinki. Kowace mai shago mai hankali haka za ta yi. Laifinki ɗaya ne, shi ne allon nan. Duk wanda ya zauna a kantarki ya karanta suna ɗaya, ya haɗiye kayan wani. Mutane suna tuƙo mota daga nesa ne don su ci kawar wuri kaza ta hannun wane, to haƙƙinsu ne a gaya musu gaskiya. Akwai kuma Murdoch. Yana dariya, na sani, amma yabon da aka buga guminsa ne, kuma ya haɗiye shi saboda ke da abokinsa. Irin wannan maƙwabci ba a bari ya yi ta haƙuri har abada.

Sai batun babanki. Kin ce Allah ne ya rufa miki asiri da bai taɓa leƙowa a tsakiyar mako ba. Tsohon da ke wucewa ta ƙofar 'yarsa shekara biyu bai tsaya ko neman ruwan sha ba, ni kam ina zargin shi ne ke rufa miki asirin. Ba na rantsuwa, mai yiwuwa bai sani ba. Amma ki shirya wa duka biyun: ko dai ya yi fushi na gaske, ko kuma ki tarar ya daɗe yana jiran ranar da za ki yi ƙarfin halin faɗa.

Ga abin yi. Cikin makon nan, ba sai baƙi sun tafi ba, ki bi shi kamu, ke da shi kawai. Ban da Wendell, ban da Murdoch. Ki faɗa masa a taƙaice, kada ki kewaya, kada ki jingina laifin ga munin kawarsa ko ga masu ɗaukar hoto. Ki ce kin yi kuskure, kin ji tsoron ɓata masa rai. In ya yi faɗa, ki yi shiru ki sha. In ya yi kwana biyu ba ya ɗaga wayarki, ki kai masa romo ki ajiye a ƙofa.

Bayan nan ki kira matar mujalla kafin ta taso, ki gaya mata yadda abin yake, ta yanke wa kanta ko za ta zo. Ina kyautata zaton za ta zo da gudu, don tsofaffi biyu masu tsokanar juna tun firamare, kowanne da kawarsa, sun fi abin da ta shirya rubutawa armashi. In ma ta fasa, kin rasa shafi ɗaya ne, ba mutuncinki ba.

Allo kuwa a rubuta sunaye biyu. A riƙa ba da faranti rabi da rabi, baƙo ya ɗanɗana ya zaɓa, za ki sha mamakin yawan waɗanda za su nemi ƙarin mummunar. Ta babanki ta riƙa hawa ƙanƙara kullum ko da kaɗan ce, Wendell kuma a saya masa safar hannu mai kauri ya daina ƙorafi.

Uba yana iya yafe wa 'yarsa ƙarya, 'yata, sun saba tun muna satar sukari. Abin da ke yi masa wuyar haɗiya shi ne ya ji gaskiyar daga bakin baƙuwa, a cikin kwale-kwalensa, yana sanye da sabuwar hula. Ki riga ta.

Allah ya ƙara wa tsohon lafiya da tsawon rai, ya albarkaci shagonki, ya bar zumunci tsakanin gidajen nan biyu.

Gwaggonki,
Lorna