Mijina Ya Ɗauka Hannunsa Ne Ya Zubar Min Da Ciki

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Abin ya kai ni maƙura, kuma ba irin maganar da zan iya kai wa Mama ba ce, domin da ta ji, dangi duka sun ji.

Ina aiki a wani ɗan shagon buga takardu da kwafi. Daga safe har yamma ina zaune a kan kujerar roba gaban kwamfuta, injin kwafi yana hura min zafi a ƙeya, ɗalibai suna tsaye a kaina kowa na cewa nasa na gaggawa ne. Wannan saƙon ma a nan nake rubuta shi, in an shigo in rufe, in an fita in ci gaba. In kin ga maganata tana tsalle, ki yi min uzuri.

Mijina a gidan burodi yake aiki, shi ne mai kwaɓi. Injinsu ya fi zama a lalace fiye da a gyare, don haka yawanci da hannu yake murza fulawar. Anti, in kin ga hannun nan sai kin tsorata, yatsu kamar an sassaƙa su, amma ban taɓa ganin hannu mai sanin ciwon jikin mutum kamarsa ba. Tun farkon aurenmu, in na dawo daga shago wuyana ya sandare, zai ce in zauna a ƙasa, shi ya hau kujera, ya kama kafaɗuna. Ina tsokanarsa ina cewa ya mai da ni kwaɓi, shi kuma ya ce ai kwaɓi ya fi ni biyayya, ba ya mita. A wannan zaman muke hirarmu duka. A nan nake jin wanda ogansu ya kora, shi ma ya ji wanda ya zo buga takardar neman aiki da kuskure a sunansa. Shi ba mai yawan magana ba ne, in hannunsa ba ya aiki bakinsa ma ba ya buɗewa.

Shekaru biyu da suka wuce na samu ciki na fari. Bai kai wata uku ba, wata rana da yamma ƙuguna ya riƙe, na roƙe shi ya ɗan matsa min. Ya matsa a hankali, har ina ce masa ya ƙara ƙarfi ya ƙi. Washegari jini ya ɓalle min a shago. Aka kai ni asibiti, aka ce cikin ya fita, aka yi min wankin ciki. Likitan bai ce komai ba sai dai in yi haƙuri, hakan yana faruwa.

Da aka sallame ni mata suka cika ɗaki. Gwaggona, yayar babana, ta sa ni gaba da tambaya: na ɗauki abu mai nauyi ne, na faɗi ne, na sha wani magani ne? Na ce a'a, ciwon baya kawai na yi, shi ma maigidan ya matsa min. Sai ta tafa hannu ta ce, “To ai ga shi nan! Hannun da ke kokawa da buhun fulawa za ki miƙa wa bayanki da ƙaramin ciki?” Ni a lokacin ban ma san inda kaina yake ba. Ƙanwata ce ta gaya min daga baya cewa mijina yana tsaye a bakin ƙofa, ya kawo min ruwan zafi. Ya ajiye ya juya.

Anti, tun daga ranar wani abu ya mutu a gidanmu. Tausa dai ta ƙare. Na ɗauka na ɗan lokaci ne, na bar shi. Muka ci gaba da zama kamar kowane mata da miji, har Allah ya sake ba ni wani cikin. Ranar da na gaya masa, maimakon murna, fuskarsa ta yi kamar an aiko masa da mummunan labari. Yanzu cikin ya shiga wata na bakwai, kuma wallahi tun ranar ko yatsana bai riƙe ba.

Kar ki ɗauka wulaƙanta ni yake yi. Da ma hakan ne, da na san da wa nake faɗa. Shi ke wanki, shi ke shara, shi ke ɗora tukunya in ya riga ni dawowa. Ya sayo min matasan kai har sun yi wa gadon yawa. Amma kofin shayi ma ba ya miƙo min hannu da hannu, sai ya ajiye a kan tebur. In na zauna a ƙasa na kasa tashi, kujera yake turo min in dafa. Rannan santsi ya kwashe ni a ƙofar banɗaki, na ga ya zabura, hannayensa a buɗe, sai ya tsaya cak ya mai da su baya. Bango na kama. Na shiga na rufe ƙofa na yi kuka har na gode wa Allah, shi kuma yana waje yana ta tambayar ko na ji ciwo.

Na gaya masa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba cewa ba shi ba ne. Sai ya ce ya sani, ya ɗauki hularsa ya fita. Ya rame, Anti. Abin haushin, gwaggon nan ta manta ma ta taɓa faɗin haka. Kwanaki ta zo duba ni tana tambayata wai me ke cin maigidana, ko ba na ba shi abinci ne. Na dube ta kawai, don in na buɗe baki za a ce na yi wa babba rashin kunya.

Ga jikina ya ƙi daɗi. Ƙuguna kamar ana sara, barci sai na yi ta juyi. Ƙafafuna suna kumbura, an ce min haka masu ciki suke yi. Amma 'yan kwanakin nan ta hagu ta fi ta dama sosai, takalmin ma ba ya shiga. Naman bayan ƙwaurin yana min zogi, in na taɓa sai in ji ɗumi. Na roƙe shi har da hawaye ya murza min ita da ƙarfi ko na samu sassauci, ya ce in yafe masa. Da kwalba nake ɗan mirgina wa wurin da kaina. Akwai maƙwabciyarmu da ta ce ta iya tausa, ta ce in na samu hutu a ƙarshen mako in je ta matse min ƙafar da man zafi, kumburin zai sauka. Ina tunanin zuwa, tunda wanda ya kamata ya yi ya ƙi.

Wani abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ni ma wani lokacin sai zuciyata ta ce, to in fa gaskiya ne? Ba na so in yi wannan tunanin, amma yana zuwa. Ina jin kuma yana gani a idona.

Anti, shin tausa tana zubar da ciki? In ba ta yi, yaya zan yi in dawo da mijina? Ina tsoron ranar da zan haihu a miƙa masa jariri ya mai da hannu baya. Muna ɗaki ɗaya amma kewarsa nake yi.

Taki,
Matar mai kwaɓi

*

Ƙanwata,

Zan fara da ƙafarki, sauran maganar za ta iya jira. Na riga na tura miki wannan ta lambar da kika aiko da saƙonki, har yanzu ban ga amsa ba, kuma hankalina bai kwanta ba. Ki ajiye kwalbar nan. Kada ki je wurin maƙwabciyarki, kada kowa ya matsa miki wannan ƙafar. Ki nemi izini a shago ki tafi asibiti yau, ba ranar awonki ba.

Ni ba likita ba ce, amma na karanta wa wata ungozoma da na yarda da ita abin da kika rubuta. Kumburin ƙafafu biyu kusan daidai abu ne da masu ciki suka saba gani. Ƙafa ɗaya da ta fi ɗaya, ga zogi ga ɗumi, tana iya zama alamar jini ya daskare a jijiya, musamman ga mai ciki da ke wuni a zaune kamarki. In aka murza irin wannan ƙafar, gudan jinin yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Mai yiwuwa a duba a ce ba shi ba ne, to mun gode wa Allah. In shi ne, akwai magani, kuma ana ba masu ciki. In kika ji numfashinki yana sarƙewa ko ƙirjinki yana ciwo, wannan ba na jiran mota mai arha ba ne.

Yanzu ga tambayarki. Yawancin ɓarin da ke faruwa a watannin farko daga halittar ɗan tayin ne tun ranar da ya samu, ba daga abin da uwa ta yi ko aka yi mata ba. Babu wata shaida da ta nuna cewa matsa kafaɗa ko ƙugu a hankali yana zubar da lafiyayyen ciki. Ki kuma duba labarinki da kyau. Ciwon ƙugun ne ya fara zuwa, sannan kika nemi tausa. Sau da yawa ciwon baya yana cikin alamun farko na ɓari. Ba zan rantse miki a kan abin da ban gani ba, amma abin da ya fi kama hankali shi ne cikin ya riga ya kama hanyar fita kafin mijinki ya ɗora hannu. Ki cire wannan tunanin daga ranki, don ba za ki iya wanke mijinki ba alhali ke ma kina ɗan zarginsa.

Gwaggonki ba mugunta ta yi ba. In an yi rashi, mutane ba sa iya zama da “ba a san dalili ba”, sai sun nemo wanda za su ɗora wa. Ta yi magana ta wuce, ta bar mijinki da kaya. Kada ki ɓata ƙarfinki a kanta yanzu.

Shi kuma maigidan, ya yi kuskure a fahimta, kuma nisantar da yake yi tana cutar da ke, wannan gaskiya ne. Amma ki lura, mutumin da ke tsoron hannunsa saboda ke ba wanda ya daina sonki ba ne. A maganar ƙafar nan ma ƙin da ya yi alheri ne, ko da dalilinsa ba daidai ba ne. Ki gaya masa haka.

Ga abin da nake so ki yi. Ki tafi da shi asibitin. Bakinki ya gaji da faɗa, kuma yana ɗauka lallashinsa kike yi. Ki yi wa ungozoma ko likita tambayar a gabansa, da kalmomi ƙarara, ya ji amsar da kunnensa. Ku kuma tambaya ko jikinki ya dace da tausa a halin da kike. Mai hawan jini, ko mai ganin jini, ko mai ciwon kai mai tsanani, ko wadda fuska da hannuwanta suka kumbura farat ɗaya, ba za ta fara ba sai an duba ta.

In sun ba da dama, tausa tana da amfani ga mai ciki. Tana rage ciwon baya, tana sassauta jiki, tana taimaka wa barci, tana kwantar da hankali. Ki kwanta ta gefe, matashi ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya ƙarƙashin cikin. Ba rub da ciki ba, ba kuma doguwar kwanciya rigingine ba. Kafaɗu, wuya da ƙugu, da tafin hannu, a hankali, da man shafawa na yau da kullum. Ba a danna ciki, ba a matse ƙafafu da ƙarfi, man zafi kuma sai an tambaya. In kin ji jiri ko ciwo, a tsaya. A shago ma ki riƙa tashi kina ɗan takawa, ki samu abin ɗora ƙafa. Kada ki sa ran maigidan zai koma yadda yake a rana ɗaya. In tafin hannunki kawai ya iya riƙewa a makon farko, ki karɓa.

Akwai abu ɗaya da na nema a wasiƙarki ban gani ba. Kin ce mata sun cika ɗaki suna yi miki sannu. Ban ga inda wani ya zaunar da shi ya ce masa ya yi haƙuri ba. Ke an ɗauke ki wadda aka yi wa rashi, shi kuma abin da ya samu a ranar shi ne tuhuma. Don haka kafin ki sake roƙonsa ya taɓa ki, ki samu lokacin da kuke ku biyu, kada ki kawo hujja, kada ki ce ba laifinsa ba ne. Ki yi masa jaje kawai, ko da ya makara da shekara biyu. Shi ma ɗansa ne ya rasa.

Allah ya ba ki lafiya, ya raba ku lafiya, ya sanyaya zuciyar maigidanki. Ki turo min ko da kalma ɗaya ce in kin fito daga wurin likita.

Antinki