Yadda Gujiya Ta Mayar Da Ni Baƙo A Garinmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsaron Ƙauyenmu, gefen Toranke, ƙaramar hukumar Ajingi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne Sale Tela, wanda ku ka kora zuwa Nijar ranar kasuwar da ta wuce. Daga Gaya na ke rubuto wannan.

Na ɗaya. Gaskiya ne na daɗe ina ɗinki a Maraɗi. Na je ba wanda ya tare ni, na dawo ba wanda ya tare ni, sai a igiyar da ku ka gitta a bakin gari saboda jita-jitar baƙi sun cika ƙasa. Samarinku su ka ga rawani da butar shayi, su ka ce in tsaya.

Na biyu. Jarrabawar da aka yi mini ba adalci. Aka nuna mini gyaɗa a faranti, aka ce mene ne wannan. Bakina ya suɓuce na ce gujiya, yadda ake ce mata a Maraɗi. Shi ke nan, aka ce an kama ɗaya. Na lissafa kakannina, aka ce ai baƙin yanzu da haddarsu su ke zuwa.

Na uku. Ranka ya daɗe, kana wurin. Rana ɗaya wanzami ya yi mana kaciya da ni da kai, kuma kowa ya san wanda ya fi kuka. Na tuna maka, ka ce a bakin aiki ka ke, ba ka da aboki.

Na huɗu. Ɗan acaɓar da ku ka ce ya kai ni iyaka, mai ya ƙare masa a Gaya. Ya sauke ni, ya ce tunda an fita daga Ajingi, nan ma ƙasar waje ce. Yanzu ina zaune a gidan yayata Hajara. Maƙwabtanta sun fara tambayar daga ina na ke.

Ga ruwa ya sauka, kowa ya yi shuka, gonata na nan fayau, iyalina na jira.

Roƙona biyu ne. A sake kawo farantin, yanzu na shirya. In kuma hakan bai samu ba, an gaya mini shamuwa ta iso bana daga inda ba wanda ya sani, ta yi sheƙa a kan tsamiyar ƙofar gidana, har yara na yi mata waƙa. A ba ni irin matsayinta.

Allah Ya ƙara maka lafiya da ƙarfin tuna fuska.

Wassalam.

Sale Tela,
ɗan ƙasa, a ƙasar waje, Gaya.